Ranar da Na Kai wa Malam Hadi Gayyar Dubiya

Ba zan taɓa mantawa da wannan Juma'ar ba, kuma ba don ban gwada ba. Na gwada. Wani lokaci ina tsaka da jera kwalaye a sito sai abin ya faɗo mini a rai, in ji kunnuwana sun ɗau zafi, in ce "kash!" da ƙarfi, har abokin aikina ɗan Bangaladash ya waigo ya duba ko wani abu ne ya faɗo mini a ƙafa.

Bari in fara gaya maka ko ni wane iri ne. Ma'ajin sito ne ni a wata masana'antar robobi da ke Birnin Masana'antu na Biyu, shekarata shida a Riyad. Ba na shan taba, ba na faɗa, ba na wasa da salla. Aibina ɗaya ne, baki. Idan na ji labari, to ba ya kwana a cikina. (Mahaifiyata takan ce tun ina tatata nake kai wa maƙwabta rahoton abin da aka dafa a gidanmu.) Ni kuwa ban taɓa kallon wannan a matsayin aibi ba. Zumunci nake kiransa.

Shekara biyu da suka wuce aka yi mini tiyata a ciki. Kwana biyar ina kwance, ma'aikata suna ta ƙoƙari da ni, amma babu wanda ya ce mini "sannu" da bakin gida. Wanda bai kwanta ciwo a ƙasar mutane ba, ba zai san nauyin wannan kalmar ba. A kan gadon nan na yi wa kaina alkawari: in Allah ya tashe ni, ba Bahaushen da zai sake kwanciya a garin nan ya rasa mai ce masa sannu, in dai na ji labari. Don haka ranar da Sista Rabi, wata nas 'yar Kaduna, ta aiko da sanarwa cewa cibiyar jinyar da take aiki tana neman 'yan sa-kai masu jin Hausa, ni na fara ba da suna. Ba a gama karanta sanarwar ba ma na kira ta.

Aka ba mu horo na Asabar biyu. Mai horon wani Balarabe ne, Abu Fahad, jami'in walwalar majinyata, mutum mai sanyin magana. Ya gaya mana ɗan sa-kai yana zuwa a kan lokaci, yana wanke hannu, ba ya kawo wa majinyaci abincin waje, ba ya ɗaukar hoto, kuma in ya ga an ja labule ya tsaya ya yi sallama ya jira. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce abin da ka gani ko ka ji a ɗakin nan, a ɗakin nan yake zama. Sau uku ya maimaita. Ni ma sau uku na gyaɗa kai, alhali hankalina yana kan koriyar falmaran ɗin da za a raba mana, ina tunanin ko za ta hau da farin kaftanina. Aka miƙo takarda na sa hannu da sauri, aka rataya mini kati a wuya. Da na shiga motar kamfani ran nan ban cire katin ba, wai ko wani zai tambaya.

Majinyacin da aka haɗa ni da shi Malam Hadi ne, ɗan Funtuwa, kafintan gini mai buga katakon zuba siminti. Na san shi sama-sama a Batha, unguwar da Hausawa muke haɗuwa, ƙaton mutum mai shekara hamsin da 'yan kai, wanda yake ɗaukar buhun shinkafa a kafaɗa ɗaya yana hira. Ana tsaka da aiki ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta koma sai da kyar. Ranar farko da na shiga na ce, "Sannu Malam Hadi, ya jiki?" sai ya runtse ido, hawaye ya gangaro ta gefe guda. Ni ma na yi ta maza na haɗiye nawa.

Aikina mai sauƙi ne. Duk Talata da yamma da kuma Juma'a bayan la'asar in zo in zauna da shi awa biyu. Akwai mai koya masa magana da take zuwa da safe, to amma da Larabci take yi, shi kuwa da Hausa yake buƙatar bakinsa ya dawo. Ni ne abokin gwajinsa. Kuma jimla ɗaya tal yake son ya iya, ita muke ta maimaitawa:

"Inna, ni ne Hadi. Na yi rashin lafiya, amma na samu sauƙi."

A hankali, rabi da baki rabi da danna waya da hannun hagu, ya fahimtar da ni dalili. Mahaifiyarsa tsohuwa ce tukuf, tana da hawan jini, kuma shi kaɗai ne ɗa namiji da ya rage mata. Shekara da shekaru duk Juma'a sai ya kira ta. Yanzu ƙanwarsa Talatu ce kawai ta san gaskiya, ita take ce wa Inna aiki ya kai shi can cikin sahara inda babu sabis. Abin da yake so shi ne Inna ta ji labarin daga bakinsa, da murya garau, yadda kafin ta tsorata ta riga ta ji ɗanta yana magana kamar kowa. Mai koyar da maganar ta ce in ya dage, nan da 'yan makonni zai iya. Shi ya sa bai bari ko abokan ɗakinsa su sani ba. An ce musu an mayar da shi wani wurin aiki.

Ya kamo hannuna da hannunsa mai lafiya ya ce, "Kar... ka faɗa... kowa."

Na dafa ƙirji na ce, "Haba Malam! Ai amana ce. Ko matata ba za ta ji ba."

Kuma wallahi na riƙe. Mako uku cur! (Wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin jihadi ba ne. Akwai ranar da aka kawo zancensa a wurin shan shayi a Batha, sai da na cika bakina da burodi.) Muna ta gwaji, yau "Inna" ta fita sarai, gobe "rashin lafiya" ta maƙale, ya bugi katifa don haushi, in ce a sake. Yana samun ci gaba, ni kuma kaina yana ƙara girma, don a zuciyata rabin sauƙin nan nawa ne.

Abin da ya ɓatar da ni shi ne gadon da ke kusa da nasa. Wani dattijo ne ɗan Sudan a kai, duk Juma'a danginsa suna zuwa bi da bi, da dabino da gahawa, ana dariya ana shafa masa kai. Wata Juma'a na lura Malam Hadi ya daɗe yana kallonsu, sannan ya juya fuska bango. Zuciyata ta karye. Na ce a raina, mu Hausawa da muka fi kowa iya dubiya, a ce namu yana kwance kamar marar gata?

Na ce, "Malam, ko in ɗan sanar da jama'a su leƙo ka?"

Ya girgiza kai. "A'a."

"Ko mutum biyu uku?"

"A'a."

To a nan ne fa wayona ya motsa. Na ce ai Malam Hadi Bahaushe ne, kuma ni na san Bahaushe. Ka yi masa tayin abinci ya ce alhamdu lillahi, alhali cikinsa yana ƙugi. Ka ce za ka raka shi ya ce don Allah ka koma, in ka koma kuma ya ji haushi. Kara ce kawai, ba ya son ya ɗora wa mutane wahala. Abu Fahad mutumin kirki ne, amma ina ya san kara? Dokarsu ta takarda ce, tamu ta zumunci. Ga kuma ladan dubiya da zan jawo wa mutane. Kafin in isa gida na gama yi wa kaina fatawa, na kuma ƙudura cewa Juma'a mai zuwa sai ɗakin nan ya san Malam Hadi yana da mutane.

Ranar Laraba bayan an tashi aiki na shiga guruf ɗinmu na waya, na Hausawan Riyad, mutum sama da ɗari biyu. Na danna na fara saƙon murya. Niyyata minti ɗaya. Da na saki yatsa sai na ga minti bakwai. Don zukata su yi laushi ban bar komai ba: yadda ya faɗi, yadda bakin ya karkace, yadda ake ba shi abinci a baki, yadda ake gyara shi, har da sunan cibiyar da lambar ɗaki. Sannan na rufe da cewa, "Amma don Allah jama'a, a bar shi a tsakaninmu, kada a yaɗa." (Ka ji fa. Mutum ɗari biyu, a tsakaninmu.)

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka haɗu a ƙofar shagon Alhaji Bala a Batha. Alhaji Bala shi ne dattijonmu, ya fi shekara talatin a ƙasar nan, in ya ce a tashi ana tashi. Ya haɗa mota uku, mutum goma sha huɗu, kowa da wankakkiyar shadda. Ga kuloli: farfesun kayan ciki, kunun gyada, fura da nono, har da wani da ya zo da kilishi. Majinyacin da ko ruwa sai an kaurara masa kafin ya haɗiya! Na sani sarai, amma na yi shiru, don ana ta ce mini "Allah ya saka da alheri," kuma abin yana yi mini daɗi. Ni kuwa tun safe na goge falmaran ɗina, na fesa turare.

A ƙofar cibiyar mai gadi ya ce mutum biyu-biyu ake shiga. Na nuna masa katina, na zuba masa Larabcina na sito, na shigar da uku, na zagayo ta ƙofar gefe na shigar da huɗu, haka har kowa ya shige. Muka haɗu a baranda ina gaba suna biye, ina tafiya kamar ni na gina wurin.

Da muka shiga ɗakin, labulen gadon Malam Hadi a jaye yake ruf. Na san ma'anar wannan, an koya mini. Amma ga mutum goma sha huɗu a bayana suna jiran abin mamaki. Na sa hannu na yaye labulen gaba ɗaya na ce, "Malam Hadi, ɗago ka ga 'yan'uwanka!"

Ashe yanzun nan aka gama gyara shi, ko zanen rufa ba a gama ja masa ba. Ma'aikacin jinya yana ba shi abinci da cokali, an ɗaura masa tsumma a wuya, abincin ya zubo ta gefen bakin da ba ya rufuwa. Ya ɗago ido ya ga mutanen da suka san shi da buhu a kafaɗa. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi abin da tasa ta yi ba. Ya kai hannun hagu yana laluben zane, zanen ya ƙi jawuwa.

Sai kowa ya ɓarke a lokaci guda. "Inna lillahi!" "Sannu Hadi!" "Kai duniya!" Wani ya fashe da kuka wiwi. Wani ya fara buɗe kular farfesu. Ni kuwa har a lokacin ina murmushi, ina jiran ya gane irin gatan da na yi masa.

Alhaji Bala ya matsa bakin gado ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Hadi, ka gode wa yaron nan. Ba don shi ba da ba mu ji ba. Ai labari har gida ya kai, ana ta yi maka addu'a. Ka ga ma ɗazun nan wani ɗan'uwana ya dawo mini da saƙon daga Funtuwa."

Ya zaro waya don ya nuna masa. Yatsan dattijo ya sauka inda bai kamata ba, sai ga murya ta cika ɗakin, a sama sosai, don Alhaji ba ya ji da kyau. Muryata ce.

"...wallahi jama'a in kun gan shi sai kun yi hawaye. Yawu ma ba ya iya riƙewa. Maganar bayan gida kuwa, sai dai a yi masa ƙunzugu kamar jariri..."

Alhaji yana ta dannawa, abin yana ƙara ƙarfi. Na fizge wayar, na danna nan na danna can, fuskar wayar ta kulle, ni kuwa a ciki ban fasa bayani ba. Ka taɓa jin kanka kana zuba, kana roƙon kanka ka yi shiru, ka ƙi? Sai da ma'aikacin jinyar ya karɓa ya kashe ta. Dangin dattijon Sudan duk sun juyo suna kallo. Ba sa jin Hausa, amma ba sai an fassara musu ba.

Malam Hadi ya dube ni. Ya ja numfashi, ya tattara bakinsa, ya ce:

"Fita."

Sarai ta fito, babu gargada ko kaɗan. Mako uku muna fama ni da mai koyar da magana, ba mu taɓa samun kalma mai tsafta irin wannan ba.

Ban san lokacin da Sista Rabi ta shigo ba. Ta fara jan labulen ta rufe shi tukuna. Sannan ta russuna ta gaida Alhaji Bala cikin ladabi, ta ce, "Baba, a yi haƙuri, a fito waje, majinyaci yana buƙatar hutu. Abincin ma a fita da shi, ba zai iya ci ba." Muka fito baranda sumui-sumui. A nan, a gaban mutum goma sha huɗun da na kwaso, ta miƙo mini hannu.

"Malam, ba ni katin."

Na kama igiyar zan cire, ta sarƙe da hulata, hular ta faɗi ta gangara ƙarƙashin benci. Haka na tsaya kai ba hula, ina cewa, "Sista, ki tsaya ki ji, niyyata..."

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Ya ce ka faɗa?"

"Bai ce ba, amma ke ma kin san halinmu, kara ce..."

"Ya ce ka faɗa?"

"Ya ce kar in faɗa."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Mutumin nan ba ya iya juyawa sai an juya shi. Ba shi yake zaɓar lokacin cin abincinsa ba, ba shi yake zaɓar mai yi masa wanka ba. Abu ɗaya ne ya rage a hannunsa, wa zai sani, wa ba zai sani ba. Shi ma ka zo ka karɓe. Abu Fahad zai kira ka ranar Lahadi."

Alhaji Bala ya dube ni ya ce, "Au, dama ba da izininsa ba ne?" Sai ya juya. Mutumin da ya yi kuka wiwi ɗazu shi ne ya ɗauko mini hulata, ya miƙo mini ba tare da ya kalle ni ba.

Suka ce in shigo mota, na ce su tafi. Kunya tana cewa in gudu, in canza layi, in nemi kamfani ya mayar da ni can garin Dammam. Amma na ce wa kaina, kai ka kunna wutar nan, ba inda za ka sai ka ga iyakarta. Na samu benci a inuwa a wurin ajiye motoci na zauna, ga kular farfesu da aka manta a gefena. Na goge saƙon daga guruf, duk da na san ya riga ya tsallake teku. Na rubuta wani: "Abin da na faɗa a kan ɗan'uwanmu ba da izininsa na faɗa ba. Na ci amana. Don Allah kowa ya goge, kada kowa ya zo." Shi ne saƙo mafi gajarta da na taɓa aikawa, kuma shi ya fi ba ni wuya.

Rana ta yi sanyi, ana shirin magariba, sai ga Sista Rabi ta fito. Da ta gan ni ta ɗan tsaya.

"Ba ka tafi ba?"

"Ban tafi ba."

Ta ce, "Talatu ta kira ya fi sau goma. Tun safe mata suka cika gidan suna jaje. Wata ta kunna wa Inna muryarka. Tsohuwa ta ce ai Hadi ya rasu ne ake ɓoye mata, ta ƙi ci ta ƙi sha, an kira mai auna jini. Dole ya kira ta yanzu, ko bakin ya shirya ko bai shirya ba."

Na ce, "Me zan iya yi?"

"Na ce zan riƙe masa wayar, ya ƙi. Ya ce kai. Ka shiga a matsayin baƙo, ba ɗan sa-kai ba."

Wannan karon na tsaya a bayan labule na yi sallama, na jira har sai da na ji gyaran muryarsa. An rufe shi da zane har ƙirji, an goge masa fuska. Na buɗe baki zan fara ba da haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Riƙe," ya ce, yana nuna wayar da ido. "Kai... ka jawo. Ka ji." Ya huta, sannan ya ƙara, "Shiru."

Na danna lambar Talatu, na sa a bayyane, na riƙe wayar kusa da bakinsa. Muka ji hayaniyar mata, muka ji Talatu tana cewa, "Inna, ga shi, ga Yaya." Sai numfashin tsohuwa.

"I... Inna."

Ya sake tattara bakinsa.

"Ni... ne. Ha... Hadi."

Jimlar nan da muka maimaita sau ɗari ta tsaya masa a maƙogwaro. Ya kai "na yi," ya maƙale. Ya sake, ya maƙale. Gumi ya keto masa. Ni kuwa ga kalmomin nan a kan harshena, na san su, na san abin da ke biye, in na buɗe baki cikin daƙiƙa biyar na gama wa Inna bayani har da ƙari. Wallahi sai da na cije leɓena har na ji ɗanɗanon jini. Hannuna ya gaji, na tallafe shi da ɗayan. Ban ce uffan ba.

Ya fi minti biyu kafin ya kai "sauƙi." Da ya kai, sai muka ji tsohuwa tana kuka, irin kukan nan marar ƙara.

Ta ce, "Bakinka ya yi nauyi, Hadi."

"Eh."

"Amma kai ne."

"Ni ne."

"To alhamdu lillahi. Talatu, miƙo mini kunun nan."

Malam Hadi ya rufe ido, hawaye yana bin kuncinsa. Abin da ya yi makonni yana gudu ke nan, kada ta ji shi a haka, kuma ga shi ta ji. Ni na jawo, kuma ina tsaye ina ji, kamar yadda ya so.

Can sai Inna ta ce, "Wai wane ne wannan mai surutun da aka kunna mini?"

Ya buɗe ido ya dube ni. "Yana... nan."

"To ka ce masa na gode da yake zuwa yana zama da kai. Allah ya yi masa albarka." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma ya rage baki. Ko ni da na haife ka ban faɗi abin da ya faɗa ba."

A duk abin da aka gaya mini ran nan, wannan ne ya fi shiga.

Ranar Lahadi Abu Fahad ya zaunar da ni, ya ɗauko takardar da na sa wa hannu, ya sa na karanta ta a bayyane layi-layi. An dakatar da ni wata biyu. Ya ce in na ga ba zan iya ba, ba laifi, ba kowa aka yi don aikin nan ba. Na ce zan iya. Na sake zama horon tun daga farko tare da sababbi, a layin gaba, da biro da littafi. Da aka zo wurin sirri, Abu Fahad ya ba da misalin "wani ɗan sa-kai" bai faɗi suna ba, bai ko kalli inda nake ba. Sai a lokacin na ga yadda ake yin abin.

An mayar mini da katina, amma ba a mayar da ni wurin Malam Hadi ba. Shi ya nemi a ba shi wani, kuma hakkinsa ne. Ya yafe mini, ya faɗa da bakinsa kafin a sallame shi ya koma gida, sai dai bai sake gaya mini wani abu da ya wuce gaisuwa ba. Wannan ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi.

Ina nan ina zuwa duk Talata da Juma'a. Na gane cewa tausayi ba shi ne wuyar aikin nan ba, tausayi kowa yana da shi, ni har ya yi mini yawa. Wuyar ita ce majinyaci ya ce maka a'a, ka yarda a'a yake nufi, ko da kai kana ganin ka fi shi sanin abin da yake so. Yanzu in ka tare ni a Batha ka ce wa nake dubawa a cibiyar nan, zan ce maka zafin bana ya fi na bara.

Za ka ce to ga shi kuma na kwashe labarin na baza. Kwantar da hankalinka. Sunan ba nasa ba ne, garin ma ba nasu ba ne, kuma sai da na kira shi na nemi izini, na jira amsa kwana huɗu ban matsa ba. Da ya kira, da bakinsa da ya warware sosai, ya ce in rubuta, amma da sharaɗi ɗaya: in tabbatar duk wanda ya karanta ya gane wane ne sakaran a cikin labarin.

Ina fatan ka gane.